Baƙaƙen Duwatsun Madina da Wutar Shekara ta 654

Alhajin da ya nufi Madina ziyara, ko bisa raƙumi irin na mutanen da, ko cikin mota, ba ya shiga gari sai idonsa ya faɗa kan wata irin ƙasa baƙa ƙirin, wadda duwatsu suka rufe ta tun daga bakin hanya har iyakar ganin ido. Ba su da girman tsauni, yawancinsu ba su wuce kan mutum ko turmi ba, amma sun yi kaca-kaca a ƙasa, ga kaifi ga nauyi, jikinsu duk huji-huji kamar kashin maƙera. Raƙumi ba ya son taka su, doki kuwa sai ya yi ɗingishi. Larabawa suna kiran irin wannan fili Harra, kuma malaman lugga sun fassara kalmar da cewa ƙasa ce mai baƙaƙen duwatsu, kamar an ƙone su da wuta. Yaƙutu, mai littafin Mu'ujamul Buldan, ya lissafa fiye da ashirin daga cikinsu da sunayensu. Guda biyu ne suka sa Madina tsakiya, Harrar Waƙim daga gabas, Harrar Wabara daga yamma, su ne kuma malaman fiƙihu ke ambata in suna faɗin iyakar haramin Madina. A ta gabas ɗin ne aka yi yaƙin nan mai ban tausayi na shekara ta 63 daga Hijira.

To, kalmar nan "kamar an ƙone su" da malaman lugga suka sa, ashe ba kamantawa kaɗai ba ce. Wuta ce ta haife su da gaske, kuma mutanen Madina sun taɓa ganin haihuwar da idanunsu.

A farkon watan Jimada Ahir na shekara ta 654, wanda ya yi daidai da ƙarshen Yuni na 1256 ta Miladiyya, mutanen Madina suka soma jin wani rugugi kamar na aradu daga nesa, alhali kuwa sama garau, ba ko ɗigon hadari. Daren Laraba, uku ga wata, sai ƙasa ta girgiza da ƙarfi, bango ya yi ta rawa, azarar ɗakuna tana ƙara, mutane suka fita waje da 'ya'yansu. Ba ta tsaya a sau ɗaya ba. Cikin wasiƙun da mutanen garin suka aika Dimashƙa, waɗanda malam Abu Shama ya kwafe cikin tarihinsa, an ce tsakanin yini da dare takan girgiza fiye da sau goma. Haka aka yi ta fama har ranar Juma'a, biyar ga wata. A ranar ne girgizar ta lafa, mutane suna shirin cewa alhamdu lillahi, sai ga hayaƙi ya turnuƙe daga kudu maso gabas, da dare ya yi kuwa aka ga wuta ta miƙe sama, ja wur, tana jifa da duwatsu.

Masu wasiƙun sun rasa abin da za su kamanta ta da shi. Wani ya ce kamar babban birni ne mai ganuwa da hasumiyoyi, wani ya ce kogi ne na garwashi yana malala cikin kwari, duk dutsen da ya tarar sai ya haɗiye. Haskenta ya hana dare zama dare. Abu Shama ya ji daga wanda ya amince da shi cewa a Taima, garin da ke tafiyar kwanaki masu yawa arewa da Madina, an yi rubutu cikin dare da hasken nan. Jama'a suka taru a Masallaci, maza da mata da yara, suka kwana suna kuka suna tuba. Alƙalin gari, Sinanu, ya hau wurin sarkin Madina na lokacin, Munifu ɗan Shiha, ya yi masa wa'azi ba ɓoye-ɓoye, har sarki ya 'yanta bayinsa duka, ya mayar wa mutane dukiyar da aka karɓe musu. Wannan kam abin lura ne, domin abin da wa'azin shekara da shekaru bai samo ba, rugugin kwana biyar ya samo shi.

Kogin wutar ya bi gangaren ƙasa ya nufi arewa, ya bar gari ta hannun yamma, ya je ya datse babban kwarin da ke bi ta gefen Uhudu, har ruwan sama ya riƙa taruwa a bayan datsiyar ya zama tafki. Malam Ƙuɗubuddini Ƙasɗallani, wanda ya yi wa wutar nan littafi sukutum, ya ce ta mutu ran 27 ga Rajab, watau ta yi kwana 52. Imamu Nawawi yana saurayi ɗan shekara 23 a Sham sa'ad da abin ya faru, ya kuma ambace ta cikin sharhinsa na Sahihu Muslim, inda hadisin wutar Hijaz ya zo. Kada mai karatu ya gama ta da gobarar da ta cinye rufin Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cikin Ramalan na wannan shekara. Waccan daga fitilar wani ma'aikacin Masallaci ta tashi, ba abin da ya haɗa su sai shekara.

Akwai wani ɗan labari cikin labaran wutar nan wanda ya kamata a dakata a kansa. Malam Maɗari, ɗaya daga masu tarihin Madina, ya ruwaito cewa sarki ya aiki wani baransa tare da wani Balarabe su je su dubo masa ita. Suka matsa kusa, mutumin ya ce bai ji zafin da ya zata ba. Bai tsaya kallo kawai ba, sai ya zaro kibiya daga kwarinsa ya miƙa ta ga wutar, ya ga sandar ba ta ƙone ba, ya juya ta ya sa gashin, gashin ya babbake. Daga nan magana ta bazu cewa wutar dutse ta ke ci, ba ta cin itace. Ƙasɗallani kuwa ya ce ba ta wuce itace ɗanye ko busasshe ba sai ta cinye shi. Mai karatu zai ce ɗayansu ya yi ƙarya. Ba lalle ba ne. Waɗanda suka tsaya kusa da narkakken dutse a zamanin nan sun shaida cewa in ya yi nisa da bakin da ya fito, samansa yakan huce ya yi ɓawo baƙi kamar ƙanzon tukunya, ɓawon nan ya tsare zafin a ciki, goshinsa ya riƙa tafiya a hankali kamar tulin gawayi ana tura shi daga baya, har mutum ya iya matsowa ya taɓa shi da sanda. Kusa da baki kuwa zafinsa ya haura digiri 1,000, alhali ruwa a 100 ya ke tafasa. Kowane daga cikinsu abin da aka gani a wuri dabam da lokaci dabam ya faɗa. Shi kuwa baran sarkin nan, wanda bai yi karatun ilmin duwatsu a ko'ina ba, ya yi abin da masana ke yi har yau, ya je da ƙafarsa, ya gwada da hannunsa, ya komo ya faɗi abin da ya gani.

Duk labaran nan Sayyid Samhudi ya tattara su cikin Wafa'ul Wafa, tarihinsa na Madina. Ya rasu a shekara ta 911, shekarar da Jalaluddini Suyuɗi ya rasu a Masar. Suyuɗin nan da ake karanta Jalalaininsa a zaurukan Kano da Sakkwato, wanda kuma ya taɓa rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, shi ma yana da littafi a kan girgizar ƙasa, Kashfus Salsala, inda ya jera girgizar da aka yi a ƙasashen Musulmi shekara bayan shekara. Masanan yau, har da na Turai, suna komawa ga littattafan nan suna tsintar ranaku da sunayen garuruwa, domin ma'aunin girgizar ƙasa irin na zamani bai fi shekara 150 da ƙirƙirowa ba, abin da ya wuce haka sai an tambayi tawadar malamai.

Da masana suka je da awo, sun tarar da wurin kamar jiya aka bar shi. A 1987 waɗansu daga cikinsu suka buga sakamakon bincikensu. Ƙasa ta tsage ne tsawon kilomita biyu da 'yan kai, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da gari, tuddai 6 na toka da tsakuwa suka tashi a kan tsagar, narkakken dutse ya malala kilomita 23, ya zo har kimanin kilomita 8 da tsohon gari. Harrar da abin ya faru cikinta sunanta Rahaɗ, ta miƙe tun daga Madina har kusa da Makka, tsawon kilomita 300 da ɗoriya. Kuma wutar 654 ba ita ce ta fari ba ko a cikin Musulunci, gama Ɗabari ya kawo labarin wata da ta ɓullo a Harrar Laila, arewa da Madina, zamanin halifancin Sayyadina Umaru.

Me ke kawo haka? Malaman da sun yi tunani a kai. Ibnu Sina ya ɗauka iska da tururi ne ke taruwa cikin kogunan ƙasa, in sun rasa mafita su girgiza ta. Ya kuma ce duwatsu suna samuwa ta hanya biyu, ko ƙasa ta tunkuɗo su sama sa'ad da ta girgiza, ko ruwa da iska su kwashe mai taushi su bar mai tauri tsaye. A magana ta biyu ya dace ƙwarai, a ta fari ya kusa. Biruni kuma ya lura masu haƙar rijiya a hamadar Larabawa suna tono ƙwaryar dodon koɗi da katantanwa cikin dutse, ya ce lalle wurin teku ne a da. Abin da aka tabbatar tun daga wajen 1960 zuwa yau shi ne, bayan ƙasa ba dunƙule ɗaya ba ne. Kamar fasasshiyar ƙwarya ya ke, sakaina-sakaina, kowace tana zaune bisa dutse mai zafi wanda ke motsi a hankali, tana tafiya tare da shi. Jazirar Larabawa da Afirka a da haɗe su ke. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce suka soma rabuwa, ruwa ya shiga tsakani, shi ne Bahar Maliya wadda alhazan ƙasa ke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda. Har yanzu tana ƙara faɗi wajen santimita ɗaya kowace shekara, abin da bai kai tsiron farce ba. Ja ɗin nan ya sa ɓawon ƙasar Hijaz ya yi rauni ya tsattsage, narkakken dutse daga can ƙasa ya sami hanyar hawowa, shi ya sa harrori suka jeru daga Yaman har Sham, duk a gefen teku ɗaya.

Can ɗaya gefen kuwa Jazirar tana tunkuɗar ƙasar Farisa da ta Turkiyya. Inda sakaina biyu suka cije juna, ƙarfi yakan taru shekara ɗari ko ɗari biyar ba a ji kome ba, ran da dutse ya gaza riƙewa sai ya suɓuce gaba ɗaya. Haka aka yi ran 6 ga Fabrairu 2023 a kudancin Turkiyya da arewacin Sham, inda mutum fiye da 50,000 suka rasu. Haka kuma aka yi a shekara ta 460, watau 1068, sa'ad da Aila da ke bakin teku ta rushe, Ramla ta Falasɗinu ta halaka, girgizar ta kai har Haibara da Madina. Saboda haka girgiza iri biyu ce. Akwai ta suɓucewar dutse, wadda ba ta sallama, akwai kuma ta narkakken dutse mai neman hanya, wadda takan yi ta ƙwanƙwasa kwana da kwanaki kafin ya fito, irin ta 654.

Ba dukan duwatsun Hijaz ne 'ya'yan wannan wuta ba, kuma matafiyi mai ido zai iya rarrabe su ba da malami ba. Uhudu ja-ja ne, ya girmi harrori da shekaru miliyan ɗaruruwa. A Harrar Haibara akwai tsaunuka biyu farare tas a tsakiyar baƙin fili, Abyalu da Baila'u, su ma aman wuta ne amma na wani irin dutse dabam, na farin ya haura mita 2,000 bisa teku. Wanda ya yi arewa zuwa Ula da Hijir zai shiga ƙasar dutsen yashi, watau rairayin da ruwa ya shimfiɗa tun zamani mai nisa ya daskare, shi ya sa ake ganin layi-layi a jikinsa kamar an jera tabarmi. Yana da taushi, guduma da kurfi suna cinsa, shi ya sa mutanen da suka sassaƙa ɗakuna a cikinsa. Iska ma tana cinsa. Akwai wani a Ula mai tsawon mita 50 da 'yan kai wanda ake kira Dutsen Giwa, ga jiki ga hanci har ƙasa, ba hannun da ya taɓa shi.

Wanda ya fi jawo gardama shi ne dutsen Nasla'a, kudu da Taima. Tsayinsa wajen mita 6, ya rabu biyu daga sama har ƙasa, rabuwa miƙaƙƙiya kamar an yanka sabulu da zare, kowane ɓari kuma yana zaune bisa wani ɗan siririn gindi. Masu sha'awar duwatsu suna ta yaɗa hotonsa, wannan ya ce girgizar ƙasa ce, wancan ya ce aikin aljannu ne, wani ma ya ce baƙi ne daga taurari. Amma duk mai fasa dutse ya san dutse yana da jijiya, in aka same ta sai ya dare sumul. Dutsen yashi cike ya ke da irin jijiyoyin nan miƙaƙƙu, ana ganin 'yan'uwansu a duwatsun da ke kewaye. Zafin rana da sanyin dare, ko ɗan motsin ƙasa a ƙarƙashin ɓari ɗaya, sun isa su buɗe ta, iska mai ɗauke da rairayi ta bi ta ciki ta goge. Siririn gindin ma ba abin mamaki ba ne, domin rairayin da iska ke ɗauka ba ya tashi sama ƙwarai, ƙasa-ƙasa ya ke bi, sai ya fi cin gindin dutse bisa kansa, danshi da gishirin ƙasa kuma suna taya shi.

Fatake kuma ga nasu. A Harrar Kishib, gabas da hanyar Makka, in aka fasa waɗansu baƙaƙen duwatsu akan tarar da ƙwayoyi kore shar a ciki. Zabarjadi ne, wanda wuta ta ɗauko daga zurfin da ba mahaƙin da ya taɓa kaiwa. Akwai wani tsibiri na Masar cikin Bahar Maliya da ake kira da sunan dutsen, an yi ta haƙarsa can tun zamanin Rumawa. Mafi yawan ƙwayoyin harra ƙanana ne, ba su isa a ɗaura wa zobe ba, sai mai saye ya yi hankali da koren gilashi. A Kishib ɗin ne kuma ramin Wa'aba ya ke, faɗinsa kilomita 2, zurfinsa wajen mita 250, gindinsa fari fat da gishiri. An daɗe ana cewa tauraro ne ya faɗo, daga baya aka gane narkakken dutse ne ya gamu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi ya fasa wurin kamar tukunyar da aka toshe wa baki.

Mai cewa duk wannan labarin da ne, to, ga na kwanan nan. Arewa maso yamma da Madina akwai garin Is, wanda masu karatun Sira suka sani, gama nan ne Abu Basiri ya zauna yana tare ayarin Ƙuraishawa. Kusa da shi akwai Harrar Lunayyir. Daga Afrilu zuwa Yuni na 2009 ma'aunai suka ƙidaya girgiza fiye da 30,000 a ƙarƙashinta. Ma'aunin nan asalinsa abu ne mai sauƙi, nauyi ne a rataye da alƙalami a jikinsa, in ƙasa ta motsa takarda ta motsa tare da ita, nauyin ya tsaya, alƙalami ya zana. Girgiza kuma kashi biyu ta ke isowa, mai sauri da mai nawa, kamar walƙiya da tsawa, tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisan inda ta taso. In an sami ma'aunai uku a wurare dabam sai a san wurin sosai, har da zurfinsa. Da haka masanan Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya suka ga girgizar tana tasowa daga inda narkakken dutse ke yunƙurin hawowa. Ran 19 ga Mayu aka yi mafi ƙarfi, mai daraja 5.4 a ma'auni, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 8. Hukuma ta kwashe mutum wajen 40,000 daga Is da ƙauyukanta zuwa Yanbu'u da Madina, suka bar gonakin dabino da dabbobi da kantuna.

Wutar ba ta fito ba. Binciken da aka buga a 2010 ya nuna narkakken dutsen ya hau har ya rage kimanin kilomita 2 ya huda ƙasa, sa'an nan ya tsaya ya daskare a ciki. Da girgizar ta lafa mutane suka koma gidajensu. Wanda ya yi asarar cinikin watanni yana iya cewa an tashe shi a banza, amma a ran 19 ga Mayu ba masanin da ke da ikon rantsewa cewa zai tsaya, kuma alamun da aka gani su ne waɗanda masu wasiƙun Madina suka rubuta shekara 753 kafin nan.

Abin da ya sa hukuma ba ta wasa da batun shi ne Madina ta yanzu ba ta 654 ba ce. A da ɗan gari ne cikin ganuwa, yau mazaunanta sun haura miliyan ɗaya, ban da miliyoyin masu ziyara, unguwanni da tituna kuma sun hau kan harra ta gabas da ta kudu, inda a da sai makiyayi. Masanan Saudiyya da na Amurka sun bi arewacin Rahaɗ tudu bayan tudu, suna auna shekarun kowane malalen dutse domin su san tazarar da ke tsakanin wuta da wuta, suka tarar takan yi ɗaruruwa ko dubban shekaru. An kuma kafa ma'aunai kewaye da harrar, suna aika abin da suka ji zuwa Jidda dare da rana.